Yadda zaka bi sawun waƙoƙin Kirsimeti na John Jacob Niles, daga littafi zuwa faifai

'Yan'uwa 'yan kwaya, musamman ku da aka ɗora ma nauyin zaɓo waƙoƙin Kirsimeti duk shekara, wannan rubutun naku ne. Abun da ya sa na zauna rubuta shi kuwa wani kuskure ne da muka yi a kwayarmu shekarun baya, mun rera I Wonder as I Wander a sujadar waƙoƙi ta daren Kirsimeti, a takardar tsarin sujada muka rubuta a ƙarƙashinta wai tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Amurka ba a san mai ita ba. Bayan an tashi ana gaisawa a bakin ƙofa sai wani dattijo da ya daɗe yana koyar da solfa ya kira ni gefe, ya sa yatsa a kan layin ya ce ɗana, waƙar nan tana da mai ita fa, je ka bincika. Na ce toh Baba. Abun ya tsaya min a rai sosai dan ba daidai bane mutum ya yi aiki a share sunansa, kuma daga ranar na shiga neman littattafan mutumin nan da faya-fayansa. Hanyar da na bi ce zan shimfiɗa muku dan kar ku sha wahalar da na sha.

Fara da sanin mutumin, dan in baka san shi ba littattafansa zasu ruɗa ka. John Jacob Niles ɗan jihar Kentucky ne a Amurka, an haife shi a Louisville a 1892 ya rasu a 1980 a gonarsa kusa da Lexington. Tun yana saurayi yake yawo da ɗan littafin rubutu yana ɗaukar waƙoƙi daga bakin mutanen tsaunukan Appalachia, ya yi aiki da kamfanin injin lissafi na Burroughs wanda shi ma ya sa shi yawo cikin ƙauyukan gabashin Kentucky, ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar jiragen sama, bayan yaƙi kuma ya yi karatun kiɗa a Faransa da makarantar kiɗa ta Cincinnati. Kaga kenan mutum ne mai ƙafa biyu, ɗaya a ƙauye wajen tsofaffi masu waƙar baka, ɗaya a aji wajen masu rubuta kiɗa a takarda. Toh duk rikicin da ake yi a kansa daga nan ya taso, dan in ya ji guntun waƙa baya barinta yadda ya same ta, sai ya gyara, ya ƙara baiti, wani lokacin ma ya yi mata sabon kari gaba ɗaya, a farkon lamarin kuma ba kullum yake fayyace wanne ya jiyo wanne ya ƙirƙira ba. Saboda haka aikinka na farko a kan kowace waƙa shi ne tambayar nan: wannan jiyo ta ya yi, ko gyara ta ya yi, ko tasa ce? Ka ɗauki littafin rubutu guda ka ware ma kowace waƙa shafi, ka rubuta sunanta, littafin da ta fara fitowa da shekara, faifan da ka ji ta, sai amsar tambayar nan. Ni kwafi mai shafi 60 nake amfani da shi har yau.

Kar ka fara da littafi, fara da kunne, kuma waƙa ɗaya tak, wato I Wonder as I Wander ɗin nan. Shiga YouTube ko Spotify ka rubuta sunan waƙar haɗe da cikakken sunansa, dan in ka rubuta sunan waƙar kaɗai manyan kwayoyin Ingila ne zasu cika maka waya, kuma a cikinsu akwai masu rera kalmomin da wani kari daban kwata-kwata wanda wani ɗan Suwizalan mai suna Carl Rütti ya tsara, kari ne mai sauri mai daɗi amma ba shi muke nema ba. Ka nemi wanda Niles ɗin da kansa ya rera. Ka sa iyafis, ka bari sai dare ya yi tsit an kashe janareto. Ina gaya maka tun yanzu muryar zata baka mamaki, namiji ne amma yana haurawa can sama siririya kamar ta mace, wani wajen kamar kuka wani wajen kamar raɗa, yana jan kalma ya tsaya inda baka zata ba. Wasu daga jin farko suke kashewa. Dan Allah kar ka kashe, ka ji sau uku tukunna. Shahararren mawaƙin Amurka Bob Dylan ma ya yi maganar yadda muryar nan ta kama shi yana matashi, kuma in ka taɓa kallon fim ɗin tarihin Dylan da Martin Scorsese ya yi a 2005 akwai ɗan guntun hoton Niles a ciki yana waƙa rungume da kayan kiɗansa.

Labarin waƙar nan shi ne zai koya maka yadda zaka karanta sauran, dan haka bari in ɗan tsaya a kai. A watan Yuli na 1933 Niles yana garin Murphy a jihar North Carolina, lokacin yana raka wata mai ɗaukar hoto Doris Ulmann zagayen tsaunuka. Akwai wasu iyali masu yawon wa'azi da suka yada zango a dandalin garin, 'yan sanda na shirin korarsu, suna neman kuɗin man mota su tashi. Sai 'yarsu, wata yarinya Annie Morgan, ta fito cikin tsummokara ta rera ɗan guntun waƙa. Niles ya riƙa ba ta kwata, wato santi 25, tana maimaitawa yana rubutawa, ta maimaita sau da yawa amma abun da ya samu bai wuce layi uku ba da ɗan ɓurɓushin kari. Daga wannan ya gina waƙa mai baiti uku, ya fara rera ta a watan Disamba na shekarar a makarantar John C. Campbell da ke Brasstown, aka buga ta a 1934 cikin littafin Songs of the Hill-Folk. Toh ka gani, iri na yarinyar ne amma noman nasa ne. Mutane da yawa sun ɗauka ta gargajiya ce zalla, har manyan masana kiɗa, Benjamin Britten na Ingila ya yi mata nasa tsarin, Luciano Berio na Italiya ya sa ta cikin jerin waƙoƙin gargajiya da ya tsara a 1964, shi kuma Niles sai da ya yi ta faman nuna cewa aikinsa ne kafin a riƙa biyansa haƙƙinsa. In zaka rubuta a takardar sujada ka rubuta sunansa, in da wuri ka ƙara cewa daga guntun da Annie Morgan ta rera, ita ma ta cancanci a ambace ta.

Yanzu littattafai. Yawancinsu kamfanin G. Schirmer na New York ne ya buga, ƙananan littattafai ne marasa kauri masu kalmomi da nota da rakiyar piyano. Wanda ya fi shafarmu shi ne Ten Christmas Carols from the Southern Appalachian Mountains na 1935, waƙoƙin Kirsimeti goma kenan, da shi zaka fara in ka samu. Kafin shi akwai na 1934 da na ambata, bayansa akwai More Songs of the Hill-Folk na 1936 da Ballads, Carols and Tragic Legends na 1937, waɗannan gauraye suke, waƙar ibada a wannan shafin waƙar soyayya ko ta kisan kai a na gaba, dan haka kar ka kwashi littafi sukutum ka kai ma kwaya, ka zauna ka tace. Daga baya ya yi littattafan koyarwa, The Anglo-American Carol Study Book a 1948 da The Shape-Note Study Book a 1950, sai babban littafinsa The Ballad Book of John Jacob Niles na 1961 wanda a ciki yake ba da labarin inda ya ji kowace waƙa da wanda ya rera masa. Labaran nan suna da daɗin karatu ƙwarai amma ka riƙe a ranka cewa shi kaɗai ne shaida a yawancinsu, kuma masana waƙoƙin gargajiya sun daɗe suna ja da shi a kan wasu. In kana so ka auna maganarsa akwai littafin tarihin rayuwarsa da Ron Pen ya rubuta, ya fito a 2010, shi ya bi littattafan rubutun Niles na ainihi da ke ajiye a Jami'ar Kentucky, inda kuma akwai cibiyar nazarin kiɗan Amurka mai ɗauke da sunansa.

Samun tsofaffin bugun nan a wajenmu ba sauƙi, ba sai na ɓoye maka ba. Ka fara duba archive.org ka rubuta sunansa, abun da ka samu ka karanta a can. In kana da ɗan'uwa a waje mai dawowa gida hutun ƙarshen shekara, abun da zaka roƙe shi ya riƙo maka shi ne kundin da ake kira The Songs of John Jacob Niles, an tattara sanannun waƙoƙinsa wuri guda kuma iri biyu ne, akwai na murya mai sama akwai na murya mai ƙasa. Ka ce masa na ƙasa. Dalili kuwa, mu mun taɓa ƙoƙarin bin faifan Niles a kan ki ɗin da ya rera, yarinyar da muka ba ta solo tana da murya mai kyau amma da aka zo wajen hawan nan na layin ƙarshe sai muryar ta tsinke, ga hunturu ga ƙura maƙogwaro a bushe, ta koma ta zauna hawaye na zuba, ni kuma na san laifin namu ne ba nata ba. Washegari mai kibod ya sauke ki ɗin ƙasa da taki uku, ta rera ta lafiya lau har wata mama a layin Zumuntar Mata ta share ido da bakin gyale. Kar ka taɓa gasa da muryar Niles, tasa ce shi kaɗai.

Ga wani abu da zai taimake ka in ka buɗe littafin shape-note ɗin ko wani makamancinsa kamar Southern Harmony na 1835 ko Sacred Harp na 1844, waɗanda su ne tsofaffin littattafan waƙoƙin yabo na kudancin Amurka. Zaka ga kawunan nota ba duka zagaye bane, wani kusurwa uku, wani kamar ƙwai, wani murabba'i, wani kamar daimon na kati. Kar ka tsorata, ɗan'uwan solfa ɗinmu ne, dabara ce ta koya ma mutanen ƙauye waƙa ba tare da sun yi makarantar kiɗa ba. Bambancin kawai su suna huɗu suke amfani da shi maimakon bakwai, mai kusurwa uku fa, mai kamar ƙwai sol, murabba'i la, daimon kuma mi. In zasu hau tsani daga ƙasa zuwa sama sai su ce fa sol la fa sol la mi fa, a daidai inda mu muke cewa do re mi fa so la ti do. Toh ka rubuta layukan nan biyu ɗaya a kan ɗaya a bangon kwafinka, da fensir sai ka bi waƙar kana mayar da ita solfa ɗin da 'yan kwaya suka saba, cikin awa ɗaya zaka gama waƙa guda. Abu ɗaya da zaka kula, a irin waɗannan littattafan ainihin karin waƙar yana layin teno ne ba sofrano ba, in ka ba sofrano layin sama kana zaton shi ne waƙar zaka ji abun bai yi kama da komai ba.

Faya-fayai kuma kashi-kashi ne, kuma yana da kyau ka san wanne kake ji. Na farko su ne na RCA Victor da ya fara yi a ƙarshen shekarun 1930, na garmaho ne masu juyi 78 a minti, kowane gefe 'yan mintuna kaɗan yake ɗauka, zaka ji ƙarar allura shuuu a bayan murya amma a nan muryar take da ƙuruciya da ƙarfi. A shekarun 1940 ya yi wasu da Moses Asch, mutumin da ya kafa kamfanin faya-fayai na Folkways daga baya, a farkon shekarun 1950 kuma ya buɗe nasa ɗan kamfanin mai suna Boone-Tolliver. Waɗanda suka fi sauƙin samu a intanet kuma sautinsu ya fi fita tas su ne na kamfanin Tradition daga ƙarshen shekarun 1950, akwai guda da aka sa ma sunan waƙar nan tamu wanda ya haɗa waƙoƙin Kirsimeti da na soyayya, ni da shi nake ba kowa shawarar farawa. Sai na Folkways na 1964, shi kuma in ka shiga shafin Smithsonian Folkways zaka iya sauke takardar bayanin faifan kyauta. In datarka kaɗan ce ka sauke waƙa biyar kawai ka zauna da su wata guda, ya fi ka tara hamsin baka san ko ɗaya ba.

Toh ga ainihin aikin, kuma nan ne daɗin yake. Buɗe littafi a gabanka, kunna faifan waƙar, riƙe fensir. Zaka ga abun da ke takarda da abun da ke fita bakinsa ba ɗaya bane. A takarda an yanka waƙar gida-gida da awo daidai saboda mai piyano, shi kuwa yana ja yana saki yadda maganar ta buƙata, kamar dai yadda mai gurmi baya bin agogo sai numfashin waƙarsa. Duk inda ya tsaya ka sa alama, inda ya sassauta murya ka ja layi, inda ya ja numfashi ka sa waƙafi. Sannan ka saurari abun da yake kaɗawa, sunansa dulcimer, ɗan kayan kiɗa ne na mutanen tsaunin mai tsirkiya uku ko huɗu da ake ɗorawa a cinya, amma shi da hannunsa yake sassaƙa nasa manya-manya masu tsirkiya da yawa. Ba wani kiɗa mai yawa yake yi ba, sau da yawa amo ɗaya ne ke ta gunji a ƙasa murya na yawo a kansa. Wannan ya nuna maka yadda zaka raka waƙar a coci: a kashe ganga da bit ɗin kibod, a bar jita ɗaya ko amo ɗaya mai taushi, ko ma a rera ta haka ba kiɗa. Kuma ka ja kunnen mai kibod a kan ƙarshen I Wonder as I Wander, karin baya sauka inda kunne ke jira, a rataye yake tsayawa kamar tambayar da ba a amsa ba, hannun mai kiɗa zai yi ta ƙaiƙayin ya rufe ta da amon da aka saba, kar ya rufe.

Kafin ka kai kowace waƙa gaban ikilisiya ka karanta kalmominta da kyau ka nuna ma fasto, dan wasu tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti na Turawa labaransu ba daga Littafi Mai Tsarki suke ba. Misali waƙar bishiyar cherry da Niles ma ya rera, wadda take lamba 54 a kundin tsofaffin waƙoƙi 305 da Francis James Child ya tattara. A cikinta Maryamu tana da ciki ta nemi Yusufu ya tsinko mata 'ya'yan itace ya ƙi cikin fushi, sai jaririn ya yi magana daga ciki bishiyar ta sunkuyo. Tushen labarin wani tsohon littafi ne da ba ya cikin Linjila huɗu, a can ma bishiyar dabino ce kuma a hanyar gudu zuwa Masar abun ya faru, da labarin ya isa Ingila sai dabino ya koma itacen da suka sani. Maƙwabtanmu Musulmi in suka ji zasu tuna da dabinon da ke cikin Suratu Maryam, ko da yake yadda labarin ya zo a can daban ne. Waƙa ce mai taɓa zuciya amma wata ikilisiyar ba zata yarda a rera ta a kan bagade ba, gara ka sani tun ana saura wata biyu da ka sani ana saura kwana biyu. Irin su Jesus, Jesus, Rest Your Head kuwa, wadda take kamar waƙar reno, ban ga inda za a samu matsala ba, kuma yara suna kama ta da wuri. Haka nan zaka ci karo da kalmomin da aka rubuta a karkace irin na bakin mutanen tsauni, kar ka gyara su zuwa Turancin makaranta, da gangan aka bar su haka kuma in ka gyara gaɓoɓin zasu fi ƙarfin nota.

Nasan wani zai ce toh mu juya ta Hausa mana kamar na cikin Littafin Waƙoƙi. Ana iyawa, amma ka ƙirga gaɓoɓin kowane layi tukunna ka rubuta lambar a gefe, sannan ka kula doguwar gaɓa ta faɗa kan doguwar nota, in ba haka ba kalma zata fito a murɗe mutane su ji wani abu daban. Ka rera ma wata tsohuwa da bata jin Turanci, in ta gane maganar daga ji ɗaya toh ka yi daidai, in ta ce me ka ce, koma ka sake.

Sai maganar haƙƙin mallaka, wadda muka saba yi ma riƙon sakainar kashi. A dokar Amurka littafin da aka buga a wancan zamanin yana iya riƙe kariyarsa har shekara 95, kenan na 1934 sai farkon 2030 zai zama na kowa, a Najeriya kuma lissafin shekara 70 ne bayan rasuwar mai aikin, shi kuwa a 1980 ya rasu. Dan haka in zaku shiga situdiyo ku naɗa, ko ku buga fassararku a littafi, ko ku ɗora bidiyo a YouTube da niyyar samun kuɗi, ku rubuta ma G. Schirmer ku nemi izini tukunna, adireshin sashen ba da izini yana shafinsu. Ku ajiye kwafin wasiƙar da amsarta a fayil ɗin kwaya dan wanda zai gaje ku ya same su.

In ka bi waƙoƙin Kirsimetin ka ƙoshi kana son ƙari, ka nemi abun da ya yi da tsufansa, lokacin da ya ɗauki waƙoƙi 22 na Thomas Merton, wani malamin zuhudu na Katolika da ke zaune a gidan ibada na Gethsemani a can Kentucky ɗin, ya sa musu kiɗa. Waɗannan ba na gargajiya bane ko kaɗan kuma sun fi ƙarfin ƙaramar kwaya, na mai solo ne da mai piyano da ya ƙware, ni dai saurare kawai nake yi. Amma ga wanda zai fara bana, ka zaɓi waƙa biyu tun watan Oktoba, ɗaya ta solo ɗaya ta yara, ka rubuta solfa ɗinsu a allo, ka kunna ma 'yan kwaya faifan Niles sau ɗaya kawai a ranar farko dan su ji inda abun ya fito, daga nan ka kashe wayar ku koma kan allo.